Ranar da Inna Ba Ta Duba Wuyan Autanmu Ba

Duk lokacin da aka goga mini audugar alkol kafin allura, sai Inna ta faɗo mini a rai. Warin nan shi ne warin hannunta. Ko tuwo ta gutsura mana, sai mun ji shi.

Daga Damagaram aka turo ta Arlit, aikin jinya a likitar gwamnati ta unguwarmu. Da farko ma'aikatan suna da yawa. Da kuɗin uraniyom ya faɗi, kamfanin da ke haƙar sa ya sallami mutane, sai iyalansu suka dawo layin likitar gwamnati. Fari ya koro makiyayan Gougaram cikin gari da 'ya'yansu, tawaye kuma ya rufe hanyar Agadez, motar magani ba ta zuwa sai da rakiyar soja. Abokan aikinta suka riƙa neman canji ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga ita sai majo, tsohon da ke shugabancin wurin, shi ma tari ya ci ƙarfinsa.

Ina tuna yadda take dawowa. Takan zauna bakin tabarma da rigar aikinta, kafin Kaka ta miƙo mata ruwa barci ya ɗauke ta a zaune. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya daina shiga. Matar da a da take yi mana tatsuniya ta koma ba ta son ko motsin cokali.

A tsakiyar bazarar wata shekara, autanmu ya tashi da zazzaɓi. Inna na ɗaura kallabi ta taɓa goshinsa, ta ɓallo rabin ƙwaya, ta ce zafin gari ne, za ta duba shi in ta dawo. Kaka ta ce yaron fa kukansa ya canja. Inna ta ce, "Iya, mutane na can tun asuba."

Da azahar wuyansa ya sanƙare. Kaka ta goya shi, na bi ta da buta, yashi na ƙona mana ƙafa. Muka tarar Inna na ɗinke wani direba da aka harba a hanya. Da ta fito ta tallabi ƙeyarsa, kan ya ƙi lanƙwasuwa. Ban taɓa ganin fuska ta mutu a kan mai rai ba sai ranar. Maganin sanƙarau ya ƙare tun makon jiya. Majo ya aika neman sa cikin gari, kafin a samo maganin, yaron ya cika.

Bayan sadakar uku ta koma aiki, don babu wanda zai karɓe ta. Amma takan nemi jijiya ta rasa, iyaye mata suna ƙorafi a layi suna cewa ba ta iya ba.

Sai da ta tsufa ta yi mini maganar. "Na ga yadda yake kwance da safen nan," in ji ta. "Idona ya gani, kaina ne ba shi da sauran wurin ɗauka."

Yanzu an ƙara ɗakuna a likitar, an yi fenti, har da wutar hasken rana. Kwanan baya na kai jikata, na tarar da wata yarinya mai aikin jinya ita kaɗai da layi har bakin titi, tana yi wa wata tsohuwa tsawa. Mutane suna tsine mata ƙasa-ƙasa. Da layi ya zo kaina, na tambaye ta ko ta karya. Ta dube ni, sannan ta jawo jikata ta soma duba ta.