Yakuwar Gwaggo a Kofunan Shayi

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 8 ga Afrilu 2025, goma ga watan ƙaramar salla, Allah ya karɓi ran taubashina Abdulƙadir Ado Ɓaɓura, wanda duk Fordham Road ta sani da Kadri mai turare. Ya buɗe shagonsa da hantsi, ya ce wa maƙwabcinsa ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ya zauna a kan kujera. Kafin motar asibiti ta iso, rai ya yi halinsa. Ya bar matarsa Shafa'atu da 'ya'ya biyu, Nasser da Nafissa. Ni kuma ya bar min aiki, kamar yadda ya saba.

Ni ce Hussaina, 'yar kawunsa. Mahaifiyarsa, Gwaggo Sa'a, yayar babana ce. Tun muna yara a Ɓaɓura ba mu taɓa zama wuri ɗaya ba tare da mun ja wa juna magana ba, haka kuma muka tsufa a unguwar Bronx ta birnin New York, su a ƙasa ni a sama, a wani gida mai hawa biyu kusa da Grand Concourse. Don haka kada mai karatu ya ga baƙina. Masu zuwa ta'aziyya sun faɗi alherinka, Kadri, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ni dai fushi nake da kai, kuma yau zan faɗi dalili tunda ba ka da bakin katse ni.

A bayan ginin namu akwai ɗan fili wanda bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Kai kake kiran sa gona. Shekarar da muka tare, da sanyi ya fara sassautawa, wasu koraye suka ɓullo a gindin katanga. Ka tone su, ka ga kawuna, ka hawo sama da murnarka wai mai gidan na da ya bar mana albasa. Na ce ka shinshina. Ka ce albasar Amurka ba ta da ƙamshi, kamar tumatir ɗinsu. Furanni ne na ado, masu ruwan ɗorawa, kuma kansu guba ne. Da ba aikin jinya nake yi ba, da ranar duk gidan a asibiti za mu kwana. Har ka koma ga Allah ba ka yarda ka yi kuskure ba, cewa kake na hana ka gwadawa.

Amma wannan wasa ne. Babbar rigimarmu a kan yakuwar Gwaggo take.

Da za ka taho ƙasar nan, Gwaggo ta cika maka gwangwanin madara da irin yakuwar garkarta. Wanda bai ci faten Gwaggo ba ba zai gane abin da nake nufi ba. Ganyen yana da jan jijiya, tsaminsa kuma ba ya kashe haƙori, yana tafe da wani ɗan garɗi a ƙarshe. Na sayi busasshiya a shagunan 'yan Afirka, na sayi ɗanya a hannun mutanen Jamaika, ba ɗaya ba ne. Gwaggo ta rasu, magada suka raba gidan, inda garkar take yanzu siminti ne. Na tambayi duk wanda zan iya tambaya a gida, ba wanda ya ajiye irin. Abin da ya rage na yakuwar Gwaggo a duniya shi ne abin da ke cikin gwangwanin nan, kuma Allah ya sa shi a hannun mutumin da ya fi kowa taurin kai a zuriyarmu.

A garinmu, in ruwan farko ya sauka ya jiƙa ƙasa, ba mai zama. Kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona, wanda ya makara kuma ya zama abin nuni har kaka. Wannan ɗabi'ar ka ɗauko ka kawo New York ba ka rage mata komai ba. Da zarar ƙanƙara ta narke aka yi ruwa a watan Maris, sai in ji sarar fartanya ta tagata. In leƙo in gan ka cikin rigar sanyi da hular ulu, kana sara, kana jefa iri, kana rufewa da diddige. Har tazarar taki guda kake bari tsakanin rami da rami, sai ka ce gonar gero, a filin da taki biyar ke ƙure shi.

Nakan ce, "Ɗan Gwaggo, wannan ba ruwan shuka ba ne. Sanyi bai tafi ba, laɓewa ya yi."

Kai kuma ka ɗago ka ce, "Malamar asibiti, ki tsaya kan allurarki. Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙa, me kuma ake jira?"

Tsakiyar Mayu ake jira, kowa a unguwar ya sani. Kowace shekara abu ɗaya ke faruwa. Wani irin ya ruɓe a ƙasa, wani kurege ya tone, wanda ya yi ƙarfin halin fitowa kuma sanyin Afrilu ya dawo ya kwantar da shi baƙi ƙirin. Sai ka sake buɗe gwangwani a watan Mayu kamar ba abin da ya faru. Wannan shukar ta biyu takan yi ganye har mu ƙoshi, amma kafin 'ya'yanta su ƙosa, sanyin Oktoba ya iso ya ƙone ta. Ba mu taɓa mayar da ƙwaya ɗaya cikin gwangwanin ba, ɗiba kawai muke yi. Hujjarka ke nan ma, wai in ba a shuka da wuri ba yaushe za ta samu lokacin yin iri? Na ce a fara ta a kofuna a bakin taga, inda ɗumi yake, in Mayu ta yi a dasa. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce yakuwa ce ko jaririya.

Shekara ɗaya ce muka kusa. Zafi ya daɗe, wani tushe ya yi tsayi har kafaɗata, ya fara fure. Na ɗaura masa tsumma na ce kada kowa ya taɓa. Na dawo daga aiki na tarar da shi tsirara, an sare rassan har da furen. Wai wani direba ya zo tun daga Flatbush, matarsa na da ciki, ta kasa cin komai, ba abin da take ambato sai faten yakuwa. Ba ka san shi ba, ba ka san ta ba, a masallaci aka yi masa kwatancenka. Ranar na faɗa maka maganganu har Shafa'atu ta rufe taga. Da aka haihu suka kawo jaririyar ka gani, ka hawo da ita sama kana ce min ga irin da yakuwarmu ta yi.

Haka kake da komai. Manjagarata da nake tara busassun ganye da ita in sanyi ya wuce, sau nawa na saya, sau nawa ka ba da aro ga wanda ba zai dawo da ita ba? Rigar sanyin marigayi mijina da na ajiye don tunawa, na gan ta a jikin wani saurayi da ya iso daga Agadas da silifas a tsakiyar Janairu. Na bar masa ita, don yaron na rawar ɗari. In dusar ƙanƙara ta zuba, ba ƙofarmu kaɗai kake sharewa ba, sai ka bi layin har gidan tsohuwar nan da ba ta taɓa amsa gaisuwarka ba. Na gaya maka zuciyarka ba ta son wannan aikin, na auna jininka na nuna maka. Ka ce na'urar ce ba ta da lafiya. Ranar jana'izarka tsohuwar ta zo da sandarta ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka. Ni ma da mijina ya rasu na rasa inda zan sa kaina, kai ka je ka ɗauko ni da kayana, ka ce saman gida na neman mai surutu.

Bana, a cikin azumi, na ɗauki gwangwanin na girgiza, na juye a tafin hannuna. Bai cika tafin ba. Na sauko na zaunar da kai a gaban Shafa'atu na ce wannan shi ne na ƙarshe, in ya tafi yakuwar Gwaggo ta tafi. Na ce bana a kofi za a fara. Ka ce in sha Allahu, irin in sha Allahun da na san ma'anarsa. Duk da haka na tara robobin yogot, na wanke, na huda gindinsu, na sayo buhun ƙasa na jingine a bakin matakala.

Sai ga wani zafi na yaudara a ƙarshen azumi, mutane har da fitowa da 'yar shara. Da salla aka yi ruwa mai ɗumi. Ina wurin aiki, don masu jinya ba su san salla ba. Da na dawo na leƙa lambun, sai ga sawun diddigenka a jere, ga gwangwani a kife a kan katanga. Ka fito da kayan sallarka, taɓo har gefen wando, fuskarka kamar an yi maka albishir.

Ka ce, "Usaina, shinshina ƙasar nan. Wallahi yau ƙamshin Ɓaɓura take yi."

Na ce, "Duka ka zuba?"

Ka ce, "Duka. Bana za ta yi."

Abin da na faɗa maka ranar ban janye ko kalma ɗaya ba.

An yi maka sutura washegarin rasuwarka. Maza suka tafi da kai maƙabarta a New Jersey, mu mata muka cika falon Shafa'atu. Bayan la'asar Nafissa ta matso kusa da ni, idonta a kumbure, ta nuna min wayarta, ta ce da Turancinta daren nan ruwa zai daskare a waje. Ita tunanin masu dawowa daga maƙabarta take yi. Ni kuwa irin da ke cikin ƙasa na tuna. Na tashi na nemi robobina a bakin matakala, babu ko ɗaya. Ashe tun cikin azumi ka kwashe su ka kai masallaci a zuba wa mutane kunu, ban lura ba. Robobi masu huji a gindi, Kadri! Ko wa ya sha kunun nan, Allah ya ba shi haƙuri.

Na ɗauki cokali na fita. Na durƙusa da mayafina a cikin taɓo ina bin sawunka ɗaya bayan ɗaya, ina tonawa a hankali. Wani ramin kurege ya riga ni. Wani na tarar da irin ya yi laushi ya ruɓe. Amma nan da can sai in ga ƙwaya ta tsage ta fito da ɗan farin wutsiya. Ina ji wata dattijuwa 'yar Kumasi tana ce wa mata a bar ni, baƙin ciki iri-iri ne. Ba baƙin ciki ne ya durƙusar da ni ba, haushi ne. Ina tono ina yi maka faɗa a fili.

Sai tagar kicin ta buɗe. Shafa'atu ce, a lulluɓe cikin takabarta, ta miƙo min kofin shayi, cikin na aurenta da ta taho da su daga Maraɗi, waɗanda ko baƙi ba ta ba su.

Ta ce, "Yaya Hussaina, sa su a nan. Baban Nasser ya ce bana za ta yi."

Ta riƙa miƙowa ina cikawa da ƙasar buhu, har aka kira magariba. A nan ne kukan ya zo min, da cokali a hannu.

Da safe lambun ya yi fari fat, ruwan bokiti ya yi ɓawo. Da sun kwana a waje, da shi ke nan. Yanzu da nake wannan rubutu an yi sadakar bakwai, kofunan suna jere a tagata a saman hitar ɗumama ɗaki. Waɗanda suka tsiro ba su kai yatsun hannu biyu ba, kowanne da ganye bibbiyu, jan jijiyar nan har ta fara nunawa. Ba za su taka ƙasa ba sai tsakiyar Mayu. Biyu daga cikinsu a babban bokiti zan dasa su, in Oktoba ta zo in jawo su cikin ɗaki ko bayana zai karye, har sai sun yi iri. Na kuma sanar cewa ba mai tsinkar ganye ɗaya. Shafa'atu ta tambaye ni, in mai ciki ta aiko fa? Ka ga irin halin da ka bar ni a ciki.

Shekara da shekaru ina so in ci gardamar nan, ga shi na ci. Jiya aka wayi gari da ruwa. Na tsinci kaina a bakin taga, na buɗe ta, maganar da zan jefa maka tana bakina, ina jiran sarar fartanya. Ruwan ya yi ta zuba a kan sawunka har ya shafe su, ba wanda ya fito.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Shafa'atu, da Nasser da Nafissa, da danginmu na Ɓaɓura da Maraɗi, da jama'ar masallaci, da duk wanda ke sanye da rigar da ba tasa ba a garin nan. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya shirya abin da ya bari. Allah ya jiƙan ka, Kadri, ya yafe maka kurakuranka, ya sa alherin da ka yi wa waɗanda ba ka sani ba ya tarbe ka. Ni na yafe maka komai, har da gwangwanin. Allah ya haskaka makwancinka, ya sada ka da Gwaggo, ya ba ka gonar da in ruwan farko ya sauka babu sanyin da ke biyo bayansa. Amin.