Ordinatar ko rigar hana nutsewa?

Na miƙa wa wata baƙuwa kujera. Wata ƙungiyar ilimi ta duniya ce ta turo ta makarantarmu ta Garou, inda nake koyarwa.

Ta ce, "Malam, makarantun Malanville ordinatar, wato kwamfuta, muka ba su. Ku mi kuke so?"

Na ce, "Madam, in kogi ya cika, rabin ajina a kwale-kwale suke zuwa, ƙananan ba su iya iyo ba. Ki ba mu rigunan hana nutsewa."

Ta ce babu wannan a tsarinsu, amma za ta tambayo.

Har yau shiru, ruwa kuwa ƙaruwa yake. Jama'a, ko na jawo mana asarar duka biyun?