Ranar da Majalisar Jami'a Ta Zauna a Zauren Mai Takaba

Ana idar da sallar asuba muka bar Sakkwato, mota biyu, ranar Asabar ɗin da ta wuce. Wanda ya gan mu zai ɗauka ta'aziyya za mu, kuma bai yi kuskure duka ba. Amma taro ne ya fito da mu, taron majalisar gudanarwa ta jami'ar da nake koyarwa, kuma a Mandera za mu yi shi, wani ƙauye a ƙasar Shagari. Bari ku ji abin da ya raba mu da ɗaki mai sanyi da kujerun fata.

Mu biyu ne mata a majalisar. Ni malamai suka zaɓa, ɗayar kuma wata Hajiya ce, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, da aka naɗa ta wakilci jama'ar gari. Hajiya ba ta barin magana ta wuce ba ta gane ta ba. In an ce an gama gini, sai ta tambayi wa ya je ya gani da idonsa. Shi ya sa duk ran da ta ɗaga hannu, shugaban majalisa sai ya duba agogo.

Farkon damina mijinta ya rasu, ta shiga takaba. Daga nan majalisar da kan yi watanni ba ta zauna ba ta koma zama kamar kasuwar mako. Dokarmu ta ce mamban da bai halarci zama uku a jere ba, ba tare da majalisa ta karɓi uzurinsa ba, ya rasa kujerarsa. An yi zama biyu ba ita, aka sa ranar na uku kafin ta fita takaba. Na miƙe na yi magana, shugaba ya ce uzurin da doka ta sani ciwo ne da tafiyar aiki, ba ta ambaci takaba ba, kuma ba shi ya rubuta ta ba. Na ce to a sa ta ta waya, aka ce sai mutum ya zo da ƙafarsa. Ranar ko abincin da ake rabawa ban iya ci ba don takaici.

Da ni da wasu mambobi muka koma muka karanta dokar da kyau, sai muka tarar da wata gaɓa: in mambobi sun kai wani adadi suka sa hannu, dole magatakarda ya kira zama, kuma masu kiran su za su faɗi rana da wuri. Waɗanda suka rubuta ba su taɓa zaton wurin zai wuce ɗakin taro ba. Mu kuwa muka rubuta gidan marigayi, Mandera.

Hanyar Bodinga ba laifi, sai dai manyan motoci da ke tafiya a tsakiyar titi kamar gadonsu ne. Mun tsaya bakin tasha shan shayi da ƙosai mai zafi. Mai shayin ya auna madara kamar maganin ido, da na yi ƙorafi ya ce in je in tambayi kuɗin gwangwani. Albasa ma, a ƙasar da ake noma ta, ta yi tsadar da ɗan kashi ɗaya sai ka sake duban fuskar mai sayarwa.

A Bodinga ne tafiyar ta so ta lalace. Akwai mamba ɗaya da ya sa hannu, gidansa a nan yake, mun yi da shi za mu ɗauke shi. Wayarsa a kashe. Muka je gidan aka ce ya tafi Abuja, alhali ga motarsa ƙarƙashin dogon yaro an wanke ta, ruwa bai ko bushe ba. Ba shi, ba mu cika adadin da doka ta ce sai ya cika kafin a zauna ba, saura mutum ɗaya. Magatakarda, wanda dama dole ce ta sa shi a mota, fuskarsa ta washe, ya ce gara mu juya tun rana ba ta yi ba.

Na ce masa ya manta da mutum guda. Hajiya har gobe mamba ce, a lissafa da ita.

Ya yi ɗan murmushi. “In ta zauna inda muka zauna, zan lissafa ta. Amma kin san ƙauye, Dakta. Mu zaure za a ajiye mu, ita tana ɗaka. Ba zan rubuta wanda ban gani ba.”

Gaskiya ya faɗa. Duk da haka na ce direba ya ja. Ko ba komai a ce mun je.

Daga Shagari muka sauka daga kwalta. An yi ruwa jiya, hanya ta zama taɓo, gero ya rufe gefe da gefe har ba ka hango komai sai sama. Wani garken shanu ya tare mu, makiyayin ko a jikinsa. Can gaba motar baya ta kafe a laka. Manoma suka ajiye fartanya suka taya turi, wani farfesa da ke cikinmu ya naɗe babbar riga ya shiga cikinsu, ya fito wandonsa kala biyu. Mun yi dariya.

Wan marigayi ne ya tarbe mu, dattijo mai farin gemu, shi ke riƙe da gidan yanzu. Ya shimfiɗa tabarmi a zaure, aka kawo fura da nono mai kauri wadda ta rama mana shayin Bodinga. Aka yi addu'a, aka yi gaisuwa mai tsawo irin ta mutanen wurin. Da farfesa ya gaya masa abin da ya kawo mu, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce mun yi zumunci, amma namiji baƙo bai taɓa wuce zauren nan ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Magatakarda ya soma mayar da biro aljihu.

Ni mace ce, na shiga ciki. Na same ta zaune kan tabarma da carbi, zane ba ado, ido ba kwalli, ta rame har sai da na kau da kai. Na yi mata ya haƙuri, na zayyana mata komai, har da cewa wasu malaman addini sun ce in lalura ce tana iya fita da rana ta dawo ta kwana.

Ta ce, “Ba ni barin gidan mijina don kujera, ɗiyata. Kuma ba ni barin kujera don wani ya ƙosa da tambayata.”

Sai ta jawo babban hijabi ta sa, ta miƙe. Na bi ta a baya har bakin zaure ta ciki. Ta rusuna ta gaida wan mijinta.

“Yaya, zauren ga ba waje na ba, gidan ƙanenka na. In na zamna nan ban hita ba. In ka yarda ni shiga.”

Dattijon ya dube ta. Sai ya janye buzunsa gefe, ya ce a kawo mata tabarma.

Da yake shugaba bai zo ba, muka zaɓi farfesa mai laka ya jagoranci zaman, kamar yadda doka ta tanada. Magatakarda ya ciro biron da ya mayar, ya kira sunaye, da ya zo kan nata ta amsa da ƙarfi har kaji suka watse a tsakar gida. Wani ya kawo shawarar a karɓi uzurinta na zaman baya. Ta ce ita ba roƙon uzuri ta fito ba, a rubuta ta halarta, jerin rashin halartar ya yanke, shi ke nan. Abin da take so a gyara dokar, a sa takaba a ciki, don wadda za ta biyo bayanta. Aka ɗaga hannu, ba wanda ya ƙi. Aka rufe da addu'a, ta koma ciki ba ta waiwaya ba.

A hanyar dawowa, muna hawa kwalta a Shagari waya ta samu sabis, kiran shugaba ya shigo. Ya ce zaman tabarma ba zama ba ne, zai kai wa lauyoyi su duba. Na ce ransa ya daɗe, ya kai, kuma su nuna mini inda doka ta ambaci irin abin da za a zauna a kai. Ya kashe. Na san zai riƙe ni a zuciya, wa'adina kuma ya kusa ƙarewa, ya riƙe ɗin. A Bodinga ba mu tsaya ba, ko gidan mutumin Abuja ba mu kalla ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, dokar da aka ce ta kowa ce, wasu ne suka zauna suka rubuta ta da rayuwarsu a gabansu. Sun tuna da ciwo domin suna ciwo, sun tuna da tafiya domin suna tafiya. Ba su tuna da takaba ba domin ba za su taɓa yin ta ba. In ba ka je ka tsaya ba, ba mai tuna maka.

Na iso gida gab da magariba, takalmi duk laka. Na tarar da maigidana a tsakar gida yana ɓare rake yana sauraron rediyo. Na tsaya da jaka a hannu ina kallonsa. Duk yini ina ganin don Hajiya na yi tafiyar, sai a lokacin na gane har da kaina. Ya ɗago ya tambaye ni ko lafiya.

Na ce, “Lafiya lau, Malam. Allah ya ja kwananka.”