Malama Adawiyya, Wadda Ta Ji Maganar Malam Kashim

Kullum da ƙarfe bakwai da rabi Malama Adawiyya take buɗe shagonta da ke bayan tashar motar Gaya. Ta yi shara, ta yaye zanen da take lulluɓe kwamfuta da firinta, ta goge tabarau da bakin mayafi, ta zauna. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan zama, tun tana bugun tafireta. Takardar jarrabawa, katin ɗaurin aure, wasiƙar neman aiki, da wuya ka shiga gida a Gaya ka rasa takardar da ta fito daga hannunta. Amma in ka tambayi masu shagunan layin, ba wannan za su fara gaya maka ba. Za su ce akwai shekarun da in rana ta take, layin ya yi tsit, sai a riƙa jiyo muryarta daga ciki ita kaɗai, tana karanta wani abu da ba Hausa ba, ba Larabci ba, ba Turanci ba. Telan da ke maƙwabtaka da ita ya taɓa leƙawa ya ga fuskar kwamfutar cike da wasu haruffa masu ƙugiya da wutsiya. Tun daga ranar ba ya wuce ƙofarta sai ya yi a'uziyya.

Girkanci ne, kuma Malam Kashim na Ajingi ne ya jawo mata. Tsohon malamin gona ne, kakanninsa daga Barno suka zo, yana saurayi aka tura shi ƙasar Girka karatun noma ya yi shekara shida. Da ya ajiye aiki sai ya ƙuduri haɗa littafin sunayen tsirrai da cututtukan gona, kowane suna da boko, da ajami, da Turanci, da kuma Girkancin da ya yi karatu da shi. Masu buga takardu uku a Kano suka mayar masa da kayansa. Adawiyya ta karɓa, don ita ba ta iya cewa a'a ba, wannan kuwa shi ne babban aibinta.

Ta sha wuya kuwa. Ajami daga dama yake tasowa, sauran daga hagu, in ta haɗa su a layi ɗaya sai su harɗe kamar awaki huɗu a turke guda. In ta lallaɓa ta gyara ta kai maɗaba'a, sai Girkancin ya ɓace, a gurbinsa sai 'yan akwatuna fanko a jere, layi-layi kamar maƙabarta. Sai da ta yi wata biyu ta gano cewa zubin haruffan da take aiki da shi babu shi a injinsu, ta koyi yadda za ta kulle shi a jikin takardar kafin ta kai. Duk mako Malam Kashim yakan zo su duba aiki. Shi ya karanta nasa na hannu da ƙarfi, ita ta bi bugaggen da yatsa, sannan su sauya. In ta manta ɗan ɗigon da ake sa wa saman harafi, sai ya ƙwanƙwasa wurin sau biyu ya ce, "Malama, wannan ba ado ba ne, mayar da shi." Da haka ta san sautin kowane harafi, alhali ba ta san ma'anar ko kalma goma ba. Bitar da take yi ita kaɗai ce maƙwabta suke ji.

Bara waccan, ana tsakiyar cirar gyaɗa, Malam Kashim ya yanke jiki ya faɗi a gona. Aka dawo da shi daga asibiti ɓarin dama a shanye, baki a karkace. Sati uku bai ce uffan ba. Ranar da ya buɗe baki, Hausa ta tafi, Barbarcin gidansu ya tafi, ba abin da ya rage sai harshen da shekara arba'in ba wanda ya taɓa ji a bakinsa a gidan. Muryar ma ba tasa ba ce, ta yi kauri, kamar daga cikin tulu take fitowa. Yakan kafa wa mutum ido ya yi ta maimaita magana guda, hawaye na zuba daga ido ɗaya. Likita ya ce irin wannan ciwo yakan yi haka, amma ƙaninsa Alhaji Nu'uman bai gamsu ba. Ya ce ko da Girkancin ne, wa ya ƙwace masa Hausa ya bar masa shi, in ba wani abu da ya biyo shi daga can ba? Aka mayar da shi ɗakin baya kusa da rumbu, a tsaya a bakin ƙofa a yi zancensa kamar ba ya nan. Daga ƙarshe Alhajin ya yanke cewa ranar Asabar za a kai shi wani gidan mari, inda ake sa wa masu taɓin hankali sarƙa a ƙafa.

Ranar Alhamis 'yarsa Fanta ta shigo shagon, ko zama ba ta yi ba.

"Anti, ke kaɗai kika taɓa zama da Baba a kan harshen nan. Na gwada masa fassarar waya, ba ta gane bakinsa. Jibi Baffa zai kai shi gidan mari."

"Fanta, ni fa haruffa na sani, ban san magana ba."

"To ki zo da haruffan."

Adawiyya ta buga haruffan nan ashirin da huɗu manya-manya ta manna a kwali, ta ɗauki ƙaramar kwamfutarta, da safiyar Juma'a ta hau motar Ajingi. Ita da bakinta ta ce ta ji tsoro. Ɗakin ya turnuƙe da hayaƙin magani, an rufe taga da buhu, tsohon yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Ta yi sallama. Sai kan ya juyo a hankali, muryar nan ta fito, tsigar jikinta ta tashi har ta fara laluben ƙofa. A cikin gurnanin ne kunnenta ya tsinci sautin da ta sani. Ta durƙusa ta buga abin da ta ji, ta juya masa fuskar kwamfutar. Ya daɗe yana kallo. Can yatsansa na hagu ya ɗago yana rawa, ya wuce kwalin, ya sauka a saman wani harafi da ta bari babu ɗigo. Ya ƙwanƙwasa sau biyu.

"Fanta," in ji ta, "babanki ne. Yana nan lafiya lau a ciki."

Tun hantsi suke abu ɗaya, ita ta buga, shi ya nuna harafi a kwali ta gyara, sai bayan an sauko daga masallaci suka haɗa gajerun layi biyu. Ta sa kwamfuta ta fassara, ta karanta a zuci. Alhaji Nu'uman ya dawo ya tsaya inda ya saba tsayawa, a bakin ƙofa.

"Malama, me abin yake cewa?"

"Alhaji, yayanka ne yake magana. Ya ce, ina jin duk abin da kuke faɗa. Kada ku ɗaure ni."

Wata biyu ke nan suna faɗin abin da suka ga dama a gaban mutumin da suka ɗauka ba ya ji. Alhajin ya tuɓe takalmi, ya shiga ɗakin da ya daɗe bai taka ba, ya zauna a wajen ƙafafun yayansa ya ce, "Yaya, ka yafe mini." A ranar aka sallami motar da aka yi wa magana za ta kai shi gidan mari.

Malama Adawiyya, ke ce kika koma gida kika shirya allo mai kalma arba'in, ruwa, alwala, zafi, juya ni, kira mini Fanta, kowacce da Girkanci don Malam Kashim ya nuna, da boko don 'ya'yansa, da ajami don matarsa da ba ta yi boko ba. Ke ce kika yi wata bakwai kina rufe shago duk Juma'a kina hawa motar Ajingi ba wanda ya aike ki. Mai haƙurin bin harafi, mu masu shagunan layin nan mun yi miki kallon tsoro shekara da shekaru, kuma muna jin kunya.

A ƙarshen watan nan Malama Adawiyya za ta rufe shagon, yanar ido ta ci ƙarfinta. Mun gode, Malama, Allah ya saka da alheri, ya ba idanun nan lafiya. Ku kuma masu ƙananan sana'o'i, ku koyi aikinku har ƙarshensa ko ana yi muku dariya, don ba ku san ranar da mutuncin wani zai rataya a kansa ba. Malam Kashim ya rasu da damina a ɗakinsa na gaba, babu sarƙa a ƙafarsa, yana nuna kalma a allon, iyalinsa suna amsa masa.