Gidan da Aka Ɗauka a Kafaɗa

Shekara uku na yi ɗaki ɗaya da wata 'yar tsibirin Jawa a unguwar Darrasa da ke Alƙahira, a hawa na huɗu na wani tsohon bene. Karatu ya haɗa mu. Na girme ta, don haka take ce min Mbak, wato yaya a yarensu, ni kuma ina ce mata ƙanwata. Da Larabci muke hira, nata a hankali, nawa kuwa har maƙwabta na ji. Zaman ya yi mana daɗi ƙwarai. Ita ce mai dafa shinkafa, sau uku a rana ba fashi, ni ce mai miya. Da ina taƙama mu ne masu cin yaji, sai da na ɗanɗana wanda take niƙawa a ɗan dutsenta. Na yi ta hawaye, tana miƙo min ruwa tana cewa, "Ma'alish, Mbak," wato in yi haƙuri.

Garinsu ƙauye ne a bakin teku. Idan tana ba ni labarin hanyar zuwa can, gajiya nake yi tun daga zaune: jirgin sama, jirgin ƙasa, bas, acaɓa, sannan a ƙarshe, in an yi rashin sa'a teku ya cika, mutum ya cire takalmi ya ƙarasa a ƙafa. Takan ba ni labarin tafkunan da babanta ke kiwon kifi a ciki, da bishiyoyin kwakwa, da mata masu shanya ƙananan kifi a kan tabarmin gora. Ni da na tashi inda ake jan guga har hannu ya yi kanta, sai in ji kamar aljanna take siffanta min.

A shekararmu ta biyu babanta ya rasu. Ba ta samu zuwa ba. Bayan an yi arba'in, wanta ya kira ta a waya. Su biyu ne wajen iyayensu. Da ta ajiye wayar ta ce min sun yi sulhu a kan gado: shi ya ɗauki filin da tafkunan, ita an bar mata gidan, mamarsu kuma za ta ci gaba da zama a ciki.

"Gidan yana ina?" na tambaye ta.

"A kan filin."

Nan take raina ya ɓaci. A zangon nan muka karanta ilimin gado, kaina cike yake da shi, ina jin ko alƙali sai dai ya gyara zama. Kuma ina da tsohon ciwo. Na ga yadda 'yan'uwan gwaggona maza suka ce za su riƙe mata gonarta, suka riƙe har ta koma ga Allah. A wajenmu gida gini ne, da shi da ƙasar da yake kai abu ɗaya ne, mai ƙasa shi ne mai gida.

Na ce, "Ƙanwata, an yi miki wayo. Gida a kan filin wani? Ran da ya ga dama ya ce ku tashi fa?"

Ta ce, "Mbak, ruwa na shiga filin."

"To ai shi ya sa ya ɗauke!"

Ni ina jin fili mai ruwa, fadama na gani a idona: rake, albasa, tumatir rani da damina. A garinmu wanda ya gaji fadama ya gama sa'a. Ban tsaya na tambaye ta wane irin ruwa ba, don na riga na yanke hukunci.

Wata da watanni ina yi mata famfo. In muna dawowa daga darasi a masallaci, tsakanin shagunan littattafai, ina kawo mata hujjoji. In muna tsince shinkafa, ina kawo mata. Na daina ce masa wanki, sai "mai wayon nan". Duk ran da ya kira, sai in ja tsaki in fita baranda. Ita dai murmushi take yi ta ce, "Khalas, ya isa haka, Mbak, abinci zai huce." Wannan haƙurin nata ya fi komai ba ni haushi.

Rannan ta ce min an yanke shawara za a ɗauke gidan kafin damina, a kai shi wani fegi na kawunsu da ke kan tudu, bayan titi.

Na ce, "A ɗauke? Gida ne ko kwando? Kin ga abin da na faɗa miki, ya fara korar ku."

Ta yi min bayani cewa gidan na katako ne tun na kakansu, a kan duwatsu ginshiƙansa suke zaune, ba a binne suke ba, kuma can ana ɗaukar gida. Abin da ke damunta shi ne ginshiƙi ɗaya da gishiri ya ci gindinsa. In ya karye a hanya, gidan zai zube gaba ɗaya, mamarta ta rasa wurin zama, ita ma ta gama karatu ba ta da inda za ta koma. Satin nan ko shinkafarta ba ta iya ci sosai ba. Na tausaya mata, na kuma ƙara jin haushin wan.

Ranar da aka sa, sai da suka jira teku ya ja baya, bayan azahar a can, mu kuma da hantsi. Muka fasa zuwa darasi, muka zauna a kicin muka jingina waya da tukunya. Matar wanta ce ke riƙe da wayar a can, tana nuna mana ta bidiyo. An riga an sauke rufin, an ciccire allunan bango, saura ƙashin gidan tsaye. An zura dogayen gora ta ƙarƙashi an ɗaure tam. Mazan ƙauyen kaf sun fito, sun jeru, kowa da tsumma a kafaɗa. Gayya ce irin tamu, ba a biyan kowa, mata na gefe suna dafa abinci. Wani dattijo ya ɗaga murya da salati, suka amsa, sai na ga gida ya tashi sama.

Na yi kabbara ban sani ba. Amma da matar ta juya wayar don ta bi su, sai na ga filin.

Ba fadama ba ce. Laka ce mai launin toka, sai ƙyalli take, ko ciyawa babu. Bishiyoyin kwakwar da ake ba ni labari sun zama sanduna tsaye ba kai. Tafkunan kifin sun fashe sun haɗe da teku, ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Ruwan gishiri ne, kullum sai ya shigo, kuma kowace shekara yana ƙara matsowa. 

"Ga shi can," in ji ƙanwata, ta nuna min wan nata, wani siririn mutum. Shi ne a ƙarƙashin ginshiƙin nan mai ciwo, an ɗaure masa katako kamar ɗorin karaya. Suna tafe a hankali cikin laka, mamarsu na biye da su da butar shayinta a hannu. Wajen hawa titi ƙafar wani ta zame, gidan ya karkata, muka yi ihu tare har maƙwabciyarmu Bamisriya ta buga mana bango. Suka tsaya, suka gyara, aka sake salati. Ginshiƙin bai karye ba. Da suka sauke gidan a kan sababbin duwatsunsa, ƙanwata ta kifa kai a cinyata tana kuka tana dariya, ni ma na taya ta.

Da muka natsu na ce, "Shi fa? Me zai yi da wancan filin?"

"Ba komai. Nan da 'yan shekaru ma ba za a gan shi ba."

"To me ya sa ya zaɓe shi?"

"Cewa ya yi ni da Mama mu ɗauki abin da zai ɗauku. Shi yana da kwale-kwale."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Can sai ga fuskarsa ta cika wayar, gumi sharkaf, kafaɗarsa ta saɓule, yana ta washe baki. Na taɓa ƙanwata na ce ta gaya masa yayarta ta Alƙahira na gaishe shi, tana kuma yi masa godiya. Ta gaya masa da yarensu. Ya ɗan sunkuyar da kai, ya sa hannu a ƙirji, ya yi wata magana yana dariya.

"Me ya ce?"

"Ya ce yana amsawa. Yana tambaya godiyar mece ce."