Haramin Baba a Fatakwal

Ni na ba Baba shawarar, kuma har yau ban gama yafe wa kaina ba.

Shekara talatin yana sayar da albasa a Kasuwar Relief a Anaca kafin Allah ya nufe shi da Umara. Daga Fatakwal jirgin zai tashi, garin da nake ɗinki, ya ya da zango a ƙasar masu kamfanin jirgin, sannan ya wuce Jidda. Baba ya sauka wurina da jaka ɗaya da wata damuwa da ta hana shi cin abinci. An gaya masa a sararin sama ake wuce mikati, inda dole mai Umara ya ɗaura niyya, kuma da Turanci ake sanarwa. Shi kuwa kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, Turancinsa kuma bai wuce na ciniki ba.

"In barci ya kwashe ni fa?" ya tambaye ni.

Na ce, "Baba, ai da sauƙi. Ka ɗaura haraminka tun daga nan, ka yi niyya a filin jirgi, ka huta." Na faɗi haka da ƙarfin gwiwar telan da ya saba jin wa'azi a rediyo yana taka keke.

Haka ya yi. Ya yi wanka, ya cire hula da kaftani, ya ɗaura fararen ƙyallaye biyun nan marasa ɗinki. A filin jirgi ya yi raka'a biyu, ya yi niyya, ya fara labbaika. Na rungume shi, ya shige. Ban kai gida ba aka kira ni in dawo in ɗauki mahaifina.

Jirgin bai ma zo ba. Gwamnatinmu ta hana shi sauka, wai ƙasarsu ta rage wa jirginmu ranakun sauka a can. Su kuma suka ce jirgin da muke kira namu ba namu ba ne, baƙi ne suka mallake shi suka manna masa tutarmu. Wata ma'aikaciya ta yi mini wannan bayani sau biyu, ta ƙare da cewa ba a soke tafiya ba, ɗagawa aka yi. Tikitin ba ya aiki a wani jirgi, mu kuma ba mu da ƙarfin sayen wani.

A mota na miƙa wa Baba hularsa. Ya dubi hular, ya dube ni.

"Na riga na amsa kira," ya ce.

Sai a lokacin na gane abin da na aikata. Wanda ya yi niyya ya shiga ke nan. Ba sa ɗinkakken kaya, ba rufe kai, ba turare, ba aski, ba yanke farce, har sai ya yi ɗawafi. Ɗakin Allah kuwa yana bayan teku, gwamnati biyu sun tsaya a ƙofa suna nuna wa juna yatsa.

Damina ce, kuma wanda ya san Fatakwal ya san ruwanta ba ya jin magana. Ɗakina ciki ɗaya ne a bayan shago. Nan Baba ya zauna, mutumin da ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba tun da aka haife ni, kafaɗu a waje, sanyi yana shigarsa. Sauro ya same shi a ɓagas, domin ko ɗaya ya ƙi kashewa, sai dai ya kore shi da bayan hannu. Maƙwabciyata mai sayar da garin rogo ta leƙo ta ce, "Oga tailor, your papa don join white garment church?" Wai ko Baba ya shiga cocin masu fararen kaya ne. Na yi dariya don kada in yi kuka. Baba kuwa ya ce ba zai koma Anaca ba. Ya bi rumfa rumfa ya nemi gafara, an rako shi tasha da addu'a, da wane ido zai shiga kasuwa a haka?

Kullum da safe in hau okada zuwa ofishin kamfanin, kullum a ce ana tattaunawa. Na tsani kalmar nan. Na riƙa hasko su a ɗaki mai sanyi, kowa da kwat ɗinsa, suna shan shayi suna tattaunawa, tsohona yana tari a kan tabarma. In na dawo in hau keke in yi ta ɗinka wa mutane riguna, ga shi nan gefena ba halin in sa masa ko ɗaya.

A mako na biyu na kai maganar masallaci. Limaminmu, dattijo ne, ya ce wanda abokin gaba ya tare shi ne ke da damar kwance harami a inda yake, wanin wannan sai ya ga Ka'aba. Wani malamin Islamiyya ya ce tarewa tarewa ce, a yanka rago a yi aski. Suka biyo ni har shago, kowa da littafinsa. Baba ya saurare su da kunnensa mai ji, sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, to wane ne abokin gaban nawa? Namu ko nasu?" Baba ya ce zai jira.

Ya jira kwana goma sha tara. Farcensa ya yi tsawo, ƙyallayen suka koma ruwan ƙasa duk da wankin da nake yi, tarin ya sauka ƙirji. Ranar da bizarsa ta ƙare, liman da kansa ya zo ya durƙusa gabansa ya ce, "Malam, ka kwance. In da laifi, a wuyana."

Aka yanka rago a bayan masallaci. Ni na yi masa askin da ya ci burin a yi masa a Makka, a bakin shagona, ruwan sama yana zuba daga kwanon rufi. Ina jin hawayensa yana sauka a bayan hannuna. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Kai ka hana jirgin sauka?"

Da ya sa kaftani, ya ninke ƙyallayen da kansa ya miƙo mini.

"Ka wanke ka ajiye. Zan sake sawa, ko can ko nan."

Bayan wata biyu gwamnatocin suka shirya. Na ga hotonsu a jarida suna musafaha, kowa yana murmushi, jirage suka ci gaba da sauka kamar ba a yi komai ba. Baba ya koma ga albasarsa, amma ƙirjin bai sake barinsa ya yi doguwar tafiya ba. Shekara uku ƙyallayen suna ƙasan akwatina, sannan aka kira ni daga Anaca wata safiya. Na ɗauko su na hau mota, a cikinsu muka naɗe shi.