Gishirin Ɗan Tsalle

Sana'ata sayar da gem ce, wato wasan da ake bugawa a talabijin. Shagona yana Sabon Gari, ina sayar da na'urar da ake haɗawa da talabijin, sabuwa da ta hannu, da hannayen bugawa, ina kuma gyara wadda ta lalace in gyaran bai fi ƙarfina ba. Ba gadon sana'ar na yi ba, da tebur ɗaya na fara. Duk wanda ya tambaye ni inda son wannan abu ya kama ni, yana jira ne in ambaci wani gidan gem. Ni kuwa in gaskiya ake so, a gindin murhun kakata ya kama ni, tsohuwar da har ta koma ga Allah ba ta taɓa riƙe hannun gem ba.

A Samaru na tashi, a gidan kakanmu da muke kira Malam. Ciki namu ne, ɗakunan waje kuma ana ba ɗaliban jami'a haya. Kakarmu Iya Mairo ce ke riƙe da tsakar gida. Bayan sallar isha'i, musamman ƙarshen damina da sabuwar masara ta fito, takan jawo 'yar kujerarta kusa da murhu, ta baza garwashin da tuwo ya bari, ta jera masara a kai. Mu kuma mu kewaye ta, ni da ƙanwata Asabe da yaran maƙwabta. Tana juya masara tana tatsuniya, kuma ta iya jan rai. Daidai inda labari ya ɗauki zafi sai ta yi shiru, wai masara za ta ƙone.

Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika. "Maigida, yau ma ba cefane? To koma baya, gaba na masu kawo goro ne."

Ana nan sai wani ɗalibi ya kama ɗakin da ke jikin zaure. Sunansa Obi, ɗan Ibo ne haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar tamu. Ya zo da ƙaramar talabijin da gem irin na kaset, kuma mutum ne mai son yara, bai taɓa korar mu ba. Kaset ɗinsa ɗaya ne tak mai aiki. Wani ɗan mutum ne a ciki, da ƙyalle ɗaure a kai, yana sheƙa gudu yana tsallake kututture da ramuka, sai muka sa masa suna Ɗan Tsalle. Rai uku gare shi. Dokar ɗakin ita ce, wanda ya mutu a hannunsa ya miƙa wa na kusa. Gem ɗin ba ya ajiye inda ka tsaya, in aka ɗauke wuta sai dai ka koma farko. In kaset ya ƙi kamawa, a zare shi a hura masa iska, kowa ya hura nasa, don mun yarda iskar wani ta fi ta wani sa'a.

Wata rana Iya za ta barka ta leƙo ta same mu muna hurawa.

Ta ce, "Tofi kuke masa? Ba shi da lafiya ne?"

Tun daga zuwan Obi murhu ya rasa mutane. Iya ba ta yi ƙorafi ba, masararta kawai ta rage. Ba ma dawowa sai ɗakin Obi ya yi duhu, ita kuma tana jin takunmu za ta ce, "An ɗauke wuta ke nan, tunda na ga maigida."

Akwai wuri ɗaya da ya gagare mu duka, har shi mai gem ɗin. Wata doguwar gada ce a kan kogi, da wata ƙatuwar tsuntsuwa a sama tana sako duwatsu. Mun gwada gudu, mun gwada tsalle, mun gwada gudu haɗe da tsalle, kullum a ruwa muke ƙarewa. Obi ya ce daga gadar nan sai ƙarshe, haka aka gaya masa. Ba mu damu ba, muna ganin akwai lokaci. Sai ga shi ya gama jarrabawarsa ta ƙarshe, ya ce ranar Asabar zai kwashe kayansa, har da gem. Ni dai barci ya ƙaurace mini. A ce Ɗan Tsalle ya bar gidanmu ban ga inda gudunsa ya ƙare ba?

Ranar Alhamis da yamma hadari ya haɗo. Muna bakin gada, hannu yana wurina, sai aka ɗauke wuta ɗif. Bayan ruwa ya ɗauke muka shigo ciki a sanyaye, muka tarar Iya ta ja murhu ƙarƙashin rumfa. Ta kalle ni ta haska ni da fitila.

"Wa ya mutu?"

Asabe ta ce, "Ɗan Tsalle ne, Iya. Sau uku."

"Sau uku! Allah ya yi masa sauƙi. To wai shi wannan bawan Allah, me yake nema da yake gudu haka?"

Muka kalli juna. Wata da watanni muna tura shi gaba, babu wanda ya taɓa yin wannan tambaya.

Ta ce, "Kuna bin mutum ba ku san inda za shi ba? Ku matso. Na san shi, na san uwarsa."

Ba ta fara ba sai da muka amsa mata yadda aka saba, ta ce muryarmu ta yi tsatsa, mu sake. Sannan ta ce Ɗan Tsalle ɗan wata mata ne mai kirki, wadda baƙi suka sauka a gidanta ba zato. Ta ɗora miya, ta duba tandu, babu gishiri ko na ɗanɗano, kasuwa kuma sai an haye kogi. Ta ce wa ɗanta ya ruga kafin miya ta tsotse. Shi ya sa yake gudu, shi ya sa ba ya gaida kowa a hanya. Ita kuwa tsuntsuwar nan, a saman gadar ta yi sheƙa, 'ya'yanta suna ciki. Duk wanda ya zo wucewa fuuu kamar an jefo shi, sai ta ɗauka ɓarawon 'ya'ya ne, ta sako masa dutse. Ya zo da gudu, ya faɗa ruwa, kogi ya tofo shi a ƙofar gidansu. Ya sake zuwa da gudun da ya fi na farko, kogi ya sake tofo shi. Uwarsa ta ce, "Kai, gidan mutane kake ratsawa, ka yi sallama kuwa?"

Nan Iya ta tsaya juya masara, sai da muka yi ta magiya.

A zuwa na uku ya tsaya cak a bakin gada ya yi sallama. Tsuntsuwa ba ta saba ba, ta rikice, ta zubar da duwatsun da ke ƙafarta a ruwa, kunya ta kama ta, ta tashi ta ba shi hanya. Ya haye, ya sayo gishiri, ya dawo miya ba ta tsotse ba. Baƙi suka ci suka suɗe hannu, shi kuma aka ba shi ƙashi mai ɓargo.

"Ni ma ina wurin," in ji Iya. "An ba ni ƙanzo in kawo muku, akuyar Malam ta tare ni a zaure ta cinye. Ku tashi ku kwanta."

Washegari Juma'a ba a kawo wuta ba sai bayan an sauko masallaci. Obi ya riga ya ɗaure littattafansa a kwali, talabijin ce kawai ta rage a kan kujera. Muka hura kaset, muka fara. Rai biyu suka tafi a hannun wasu, na ƙarshe ya faɗo kaina, ga kuma hadari yana sake haɗowa ta gabas. Na iso bakin gada, yatsana ya riga ya danne wurin gudu, sai Asabe ta riƙe mini riga.

"Yaya, tsaya ka gaishe ta."

Na ce, "Ke, sakar mini riga, tatsuniya ce fa!"

"To ai gudun naka ma bai taɓa yi ba."

Obi ya fashe da dariya ya ce, "Wallahi ta fi ka gaskiya. Tsaya mu gani, me za a rasa?"

Na ɗaga yatsa. Ɗan Tsalle ya tsaya, abin da ba mu taɓa bari ya yi ba. Asabe ta rangaɗa wa talabijin sallama, sauran yara suka ɗauka, har Obi ya sa baki. Tsuntsuwa ta zo, ta sako duwatsunta ɗaya bayan ɗaya a kan gadar da babu kowa, ta juya ta ɓace. Na taka a guje na haye. Ihun da muka yi sai da Malam ya aiko a ga ko lafiya.

Bayan gadar akwai wata ƙofa. Ɗan Tsalle ya shiga, aka yi ɗan kiɗa, wani rubutu ya fito da ko Obi bai iya karantawa ba. Shi ke nan. Sai ga shi an mayar da shi farkon daji yana jiran a sake tura shi. Babu kasuwa, babu baƙi, babu ƙashi mai ɓargo.

Muka kwasa sai wurin Iya, tana tsince shinkafa. Na ce, "Iya, mun haye! Amma babu gishiri. Ko uwar tasa ba a nuna ba."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Su waɗanda suka ƙera abin ai ba su san uwarsa ba, maigida. Ni na san ta."

A daren nan murhu ya cika, har da Obi a kan turmi yana cin masara, yana tambaya ko tsuntsuwar ta samu wasu duwatsun.

Yanzu da gem ya zama abincina, na san babu wata kunya da ta kama tsuntsuwa. Haka aka tsara ta, ta zubar ta tafi, mai haƙuri ya wuce. Na kuma buga wasannin da suka fi wancan kyau nesa ba kusa ba, masu labari da magana da ƙarshe mai daɗi, har yau nakan zauna da abokai mu buga ƙwallo muna zolayar juna. Ban yarda da masu cewa gem lalata yara kawai yake yi ba. Ya koya mini jure faɗuwa, da miƙa hannu in lokacina ya ƙare. Abin da ba na so shi ne in ga yaro shi kaɗai a ɗaki, ya toshe kunne, ya ci ko an ci shi babu wanda ya sani. Wancan kaset ɗin ba wani abin kirki ba ne, da za a kawo mini shi yau ba zan saya ba. Mutanen da ke ɗakin ne suka sa masa daɗi, da tsohuwar da ta tambaye mu inda za shi.

Shi ya sa in uba ya zo shagona yana ɗari-ɗari, nakan ce, "Alhaji, ka ƙara hannu na biyu, kuma a falo za ka ajiye, ba a ɗakinsa ba." Wasu su ce ciniki nake nema. Ciniki nake nema mana, ai ba wa'azi na buɗe ba. Amma shawarar ta gaskiya ce, ko a wani shagon ya sayi hannun.

Kwanan baya na dawo gida na tarar da 'yata Mairo, mai sunan Iya, tana tseren mota a talabijin, ta cije leɓe tana karkata jiki. Na zauna kusa da ita na ce, "Wannan direban, ina za shi da gudu haka?"

Ta ce, "Baba, ba inda za shi, tsere ne kawai."

Na ce, "Haba. Na san shi, na san uwarsa."

Ta kalle ni, ta kalli motar, ta danna ta tsayar da wasan. Ta juyo gaba ɗaya ta naɗe ƙafa ta ce, "To ina za shi?"